Boyi da Badon Kalmalo

A zamanin da fatake ke ratsa Illela da jakuna suna nufar Birnin Kwanni, tun Nasara bai zo ba, an yi wani masunci a Kalmalo ana ce masa Boyi. Masunci dai a baki, don in ya hau gora ya shiga tafki, kifi sai ya sha barcinsa. Bado ne ya tafi da hankalin Boyi.

Ga kowa, bado abin ci ne in rani ya matsa. Ga Boyi kuwa kowane iri da sunansa. Akwai Fara, akwai Shuɗi, akwai wani mai geza a tsakiya da ya laƙaba wa Mai Gemu, wai ya yi kama da limamin garinsu. Liman ya ji, ya yi dariya, ya ce a kawo masa ya ga ɗan'uwansa.

Boyi ya haƙa 'yan kududdufai a bayan gida, kowane iri da nasa. Da ya lura ƙudan zuma na tashi daga wannan fure da garin rawaya a ƙafa su sauka a wancan, sai ya samo gashin zabo ya kama aikinsu, ya ɗebo na wannan ya shafa wa wancan.

Matarsa Sakinatu ta leƙo ta ce, "Malam, mi kaka yi?"

"Aure nika ɗaurawa."

"To, in an tashi suna a kira ni. Miya dai yau ma babu kifi."

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, fari na fitowa fari, shuɗi na fitowa shuɗi. Sai wata rana shanun Jaɓɓo, wani Bafulatani da ke kiwo wajen Tozai, suka kwararo da ƙishirwa, suka shanye ruwan, suka tattake komai. Boyi ya zauna bakin taɓo. Jaɓɓo ya ba da haƙuri, ya aiko da ƙwaryar nono. Boyi ya ƙi taɓawa, Sakinatu ta dama furarta.

Da wata daminar ta ja baya, sai ga Jaɓɓo da sassafe yana haki.

"Boyi, taho ka gani! Wani abu ya hito inda shanuna ka shan ruwa."

Suka tafi. A wata 'yar fadama kusa da Tozai, inda ba a taɓa ganin bado ba, ga furanni sun buɗe: fari a gefe, shuɗi-shuɗi a ciki, ga ɗan gemu. Ashe irin ya bi kofaton shanu. Boyi ya faɗa ruwa da rigarsa, yana kabbara.

Ya so ya sa wa furen suna Jaɓɓo. Mai sunan ya ce shi bai yi komai ba, a sa na tsohuwar saniyar da ta fara shiga kududdufin. Haka aka yi ta kiransa Guzuma.

Boyi ya tsufa yana raba saiwarsa ga duk mai so. Kududdufansa kuma ya kewaye su da ƙaya, Jaɓɓo ne ma ya saro masa.