Gidan da Ya Buɗe Baki

Tun ina yarinya ni mai fargaba ce. In hadari ya haɗu, sai na zagaya ɗakunan gidanmu na duba ko'ina kafin in zauna. A hannun kakata na tashi, a wani ƙauye kusa da Kwali, kuma ginin tukwane ne sana'arta. Ranar da za ta gasa su, takan jera su a bayan gida da yamma, ta rufe da kirare da ciyawa, ta cinna wuta. Mu jikoki sai mu kewaye wutar, fuska na zafi, baya na sanyi. Gefenta akwai kwaryar makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da take yayyafa wa tukwane da zafinsu don su yi ƙwari. Har yau ina jin ƙamshin nan a hancina.

Kafin wuta ta ci ta lafa ne take ba mu tatsuniya. Takan ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe." Mu ce, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Zanzaro da Gara. Su biyun suka gina ɗakunan laka a rani ɗaya. Da ruwan farko ya sauka, kowane ɗaki ya tsage. Sai ga Hawainiya da launukanta, ta ce a ba ta dama ta shafe tsagar, ba wanda zai gani. Gara ta yarda, ɗakinta ya koma ja da shuɗi, dabbobi suna zuwa kallo. Zanzaro ya ce a'a. Ya ce ɗakinsa jariri ne, baki ya buɗe, yunwa yake ji, kuma shi ba zai toshe bakin yaro da kwalliya ba. Ya dinga jigilar laka daga rafi yana ɗura wa tsagar, ɗakin ya yi dabbare-dabbare, ana yi masa dariya. Ruwa kuwa ya bi ta ƙarƙashin launin Gara yana ci a ɓoye, har ranar da ɗakin ya zube da kwalliyarsa. Don kunya Gara ta shige ƙasa, shi ya sa har yau a rufe take aikinta. Shi kuma Zanzaro jigila ce ta tsuke masa ƙugu.

Yara suka yi ta dariyar ƙugun Zanzaro. Ni ban yi ba. Na ce, "Kaka, in Zanzaro ya yi rashin lafiya, wa zai ciyar da ɗakin?"

Ta nuna ni da tsinken tona wuta. "Ku ji min tsohuwar nan! Ke Hauwa, tsoro zai riga ciwo kashe ki. Amma bar shi, kada ki yar. Mai tsoro ne ke duba bango." Sannan ta ce, "Baƙuwa ta tafi, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya sani."

Na girma na zo Abuja, na yi shekaru ina sayar da abinci ga ma'aikatan ofis a Garki, har Allah ya ba ni ikon gina ɗan gidana wajen Ushafa. An yi filasta, ba a kai ga fenti ba. Damina ta farko bangon gabas ya tsage daga ƙasan taga. Barci ya gagare ni. Kullum da safe sai na sa farce in ji ko ta ƙaru. Na lura ruwan da ke zubowa daga kwanon rufi a gindin bangon yake taruwa, sai na sa birkila ya buɗe tsagar ya cike da siminti, aka haƙa magudana. Bangon ya fito da tabo kamar an yi masa tiyata.

A daidai lokacin ne ɗana Abba ya samu yarinyar da zai aura, kuma iyayenta suka ce za su zo su ga gidanmu. Ya dawo da bokitan fenti a bayan keke.

"Mama, don Allah. Mutanen nan manya ne a ma'aikata. In suka ga bangon nan za su ce a kango muke."

Na ce, "Bangon bai bushe ba, kuma ban san ko ya gama motsi ba. Sai ya ga wata damina."

"In suka hana ni ita fa?"

Maganar ta soke ni, don ni ma ita nake juyawa a raina. Na yi kuka a ɗaki. Amma fenti bai hau bango ba.

Ranar da suka zo, baffan yarinyar ya fito daga mota ya tsaya yana kallon tabon. Ya ce, "Hajiya, ashe ba a gama aikin ba?"

Na ce, "Alhaji, an gama gini. Reno muke yi. Abin da ke jikin gidan nan shi kake gani, ba mu rufe komai ba. In ka ba mu 'yarka, ita ma haka za mu riƙe ta."

Bai yi dariya ba, bai kuma yaba ba. Ya shiga ya ci abinci, suka tafi suka ce za a ji daga gare su. Abba ya daina yi mini magana har saƙonsu ya iso cewa a turo manya.

Da ina ɗaukan fargabata a matsayin ciwo, ina ɓoye ta, ina jin kunya in an ce na cika damuwa. Yanzu na daina ba kowa haƙuri a kanta. An sa biki bayan sallah, maƙwabta har sun fara tambaya wane launi za a yi kafin baƙi su zo. Ina gaya musu launin siminti ne, duk wanda bai yi masa ba ya kalli amarya.