Hannun Ɗan Gwaggona

Ni masaƙi ne, ɗan masaƙi. A wani gari mai ganuwa kusa da Maska aka haife ni, inda auduga take yi sosai, kowane gida ka shiga sai ka tarar da mata suna kaɗi. Tun ban isa azumi ba mahaifina ya zaunar da ni a masaƙa, ni da ɗan ƙanwarsa, wanda uwarsa ta kawo gidanmu ya koyi sana'a. Sa'o'in juna ne mu. Yana ce mini ɗan kawu, ina ce masa ɗan gwaggo, kuma akwai wasa tsakaninmu kamar yadda aka saba.

Na fi shi iya saƙa. Kowa ya san haka, shi ma bai taɓa musu ba. Bakin saƙata a miƙe yake tun daga farko har ƙarshe, tasa kuwa ta buɗe nan, ta tsuke can, domin hankalinsa yana wajen hira. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ajiye ƙoshiyar saƙa sun gaisa, ya tambayi gona, ya tambayi jaki. Mutane suna son sa, ni kuwa saƙata suke so.

A wancan zamani da kamu ake auna tufa, wato daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsan tsakiya. Matsalar ita ce hannun kowa daban. Fataken da suke zuwa daga Kano da Zazzau da jakunansu ba sa rasa wani dogo a cikin ayari, shi ne mai awo. Masaƙa kuma sai su tura gajeren cikinsu. Wani ya lanƙwasa wuyan hannu, wani ya ja tufa har ta yi ƙara, wani ya sake ta ta yi ciki. Na san wani bafatake da ya bar farcen yatsansa na tsakiya ya yi tsawo don awo kawai. Ran wata kasuwa, bayan rasuwar mahaifina, wani dattijon masaƙi da wani baƙo suka yi ta jayayya a kan zugu guda, wato naɗin ƙyalle, kowa yana ja, har ya yage a hannunsu.

Da yamma sarkin kasuwa ya tara mu a gindin tsamiya, masaƙa da fatake. Ya ce ya gaji da rabon faɗa, za a yanki sanda ɗaya ta zama kamun kasuwa, kowa ya auna da ita. Aka ce to, hannun wa za a bi?

A raina na ɗauka an gama magana. Tufata fatake suke fara nema in sun sauke kaya. Gidanmu ne gidan saƙa mafi daɗewa a garin.

Sarkin kasuwa bai bi ta nan ba. Ya ja layi a ƙasa, ya sa kowane masaƙi ya durƙusa ya ɗora gwiwar hannunsa a kan layin, shi kuma yana yin alama da tsinke a inda yatsa ya tsaya. Ya sallami masu dogon hannu, ya sallami gajeru, ya yi ta ragewa har muka rage mu biyu a tsakiya, ni da ɗan gwaggona. Nasa ya fi nawa da faɗin yatsa biyu. Fatake suka ce nasa suke so. Masaƙa suka duba, suka ga abin bai taka kara ya karya ba, suka yarda. Aka kawo gora, aka yanke ta daidai hannunsa, yana dariya yana cewa kada a haɗa da yatsansa.

Muna komawa gida ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan kawu, daga yau sai ka riƙa gaishe da hannun nan da safe."

Na yi dariya, don wasa ne, ba a fushi da shi. Amma tuwon ranar bai shiga ba.

Ba a daɗe ba sandar ta ɗauki sunansa. Ba mai cewa a kawo sandar kasuwa, sai dai a kawo hannun wane. Yara ma sun iya. Ina zaune a gaban kayana, saƙar da na ɓata kwanaki a kanta, sai in ji bafatake yana cewa a kawo hannun wane a gwada. A zo a shimfiɗa hannun mutumin da bai iya miƙar da bakin ƙyalle ba a kan aikina, shi zai faɗi ko ya cika ko bai cika ba.

Matata ta ga na rage magana. Da na gaya mata dalili ta ce, "Malam, yatsa biyu ne fa."

Na ɗauko zugu na warware shi a tsakar gida. Na auna da hannuna, na auna da sandar da na yanko daidai ta kasuwa. A kamu na farko yatsa biyu ne, a na biyu huɗu. Kafin mu kai goma sha biyu, kamu guda cur ya ɓace. Ta kalli alamun awon biyu yadda suke ƙara nisa da juna, sannan ta ce, "To sai ka ƙara zare."

Gaskiyarta, haka na yi. Sai dai ƙara zare yana nufin tsige turakun wadari, waɗanda ake zagaya zare a kansu kafin a ɗora a masaƙa. Mahaifina ya kafa su a ƙofar gida da awon hannunsa, wanda ya zo daidai da nawa. Sun yi baƙi, sun yi santsi saboda gugar zare. Na tone su ɗaya bayan ɗaya na matsar da su gaba. Ina cikin haka ɗan gwaggona ya zo wucewa da rake a hannu, ya tsaya ya riƙe mini sandar awo ina buga turakun. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna game da awon nan. Ƙyallena faɗin yatsa shida ne, nasa huɗu, amma in aka ɗora sanda sai a ce kamu goma nan, kamu goma can, a ɗauke su abu ɗaya. Wata rana ya zo zaurena shan fura, na shimfiɗa ƙyallayena huɗu gefe da gefe a kan tabarma, na ce ya jera nasa a kai har su rufe. Sai da ya jera shida.

Na ce, "Ka gani? Sandar nan taka tsawo kaɗai ta sani. Igiya ma tana da tsawo, amma ba mai rufa da ita. Tufa sai an haɗa tsawo da faɗi."

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi ɗan kawu, kanka yana ja."

Na yi niyyar in kai maganar gaban sarkin kasuwa da kaina, in shimfiɗa ƙyallayen a gindin tsamiya kowa ya gani. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni a makon. Ranar kasuwa ɗan gwaggona ya je ya nuna musu, da ƙyallayen da ya ara a wajen matata. An gaya mini ya faɗa da bakinsa cewa ni na gano abin. Sau ɗaya ya faɗa, cikin hayaniya, ba wanda ya riƙe. Nan take sarkin kasuwa ya sa ya ɗora yatsunsa a kan gorar, aka tsaga alamu da wuƙa don awon faɗi. Yatsunsa kuwa kaurara ne. Da na warke na kai kayana, ƙyallena mai yatsa shida ya koma biyar da rabi, fatake kuma ba sa lissafa rabi. Duk da haka kayana sun ƙara daraja a kan na kowa, ba zan ɓoye ba. Amma a hanya na ji wani tsoho yana cewa, wane ai ba hannu kaɗai Allah ya ba shi ba, har da basira.

Shekaru suka wuce. Kowane masaƙi ya yanki tasa sandar, wani daga ta kasuwa, wani daga ta maƙwabcinsa, shi ma daga ta wani. Wuƙa ta ci kaɗan nan, baki ya goge can. Tsohon sarkin kasuwa ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Wata damina aka jingine gorar asali a bangon zaurensa, gara ta hau ta, ko da aka farga ta zama gari. Aka tattaro sandunan gari aka jera, da ƙyar aka sami biyu da suka zo daidai.

Shi kuwa ɗan gwaggona, kafin wannan ya faɗo daga kan bishiyar ɗorawa ya karya hannun dama. An yi ɗori ya kama, amma hannun ya ɗan karkace, ba ya miƙewa sosai. Na yi jinyarsa, na kai masa abinci, na nome masa gona. Amma da na ji gara ta cinye gora, abin da ya fara zuwa raina shi ne, wancan karon mu biyu muka rage a tsakiya.

Ranar da aka kira taro don a yanki sabuwar sanda na sa wankakkiyar riga, na yanke farce. Wani ya ce a gwada hannun ɗan gwaggona na hagu. Na ce hagu da dama ba ɗaya ba ne, a gwada na kowa a gani. Aka gwada mutum uku, aka ga da ɗan bambanci. Sabon sarkin kasuwa ya juyo yana dubana, na fara naɗe hannun riga.

Sai ga gwaggona ta iso, tsohuwa tukuf, jikarta tana riƙe da ita, da ƙunshi a hammata. Ta ce zugun farko da aka auna da gorar nan tun ranar da aka yanke ta, ɗanta ya kawo mata, ita kuma ta adana a cikin tukunya. Aka warware. Ga ɗigon shuni a bakinsa, da kuma a ƙarshen kowane kamu, har kamu goma.

Na ce, "Gwaggo, tufa tana shiga in ta sha ruwa."

Ta ce, "Ɗan nan, ruwa bai taɓa ganin ta ba. Ni ma sau nawa na buɗe ta?"

Na duba ɗige-ɗigen na ce wasu sun fi wasu kauri, ba a san ko daga tsakiyar ɗigo za a kama ko daga gefe ba. Sarkin kasuwa ya yi tunani ya ce kada a ɗauki kamu ɗaya. Ya sa aka miƙa zare daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, aka ninka shi gida goma daidai, ta yadda ɗan kuskuren zai rabu ya zama ba komai. Dabara ce mai kyau. Aka kai wa maƙeri awon, ya ƙera sanda ta ƙarfe, da alamun yatsu a jikinta. Na saki hannun rigata na koma gida.

Bayan wannan na daina kai kaya kasuwarmu na wani lokaci. Na ce wa matata ina so in gwada kasuwar Bakori, ko za ta fi. Ta dube ni kawai, ta ɗaure mini guzuri. Na kora jakina, ina tafe ina jin daɗi, don can ba wanda ya san ɗan gwaggona, zan auna saƙata da hannuna kamar yadda ubana ya yi.

Na sauke kaya ke nan wani bafatake ya tsuguna, ya murza ƙyallen, ya ɗaga shi ga rana, ya yaba. Ya tambayi garinmu, na faɗa. Ya ce, "Garin masu ƙarfen awo? To wannan da hannun wane aka auna shi?" Ya kira sunan ɗan gwaggona daidai, kamar tare suka tashi.

Na ce da shi aka auna, domin gaskiya ke nan, wadarin duk a kansa yake.

Ya ce, "To ba sai na gwada ba." Ya kira abokansa biyu, kafin azahar sun kwashe kayan duka. Na sayi gishiri da kanwa da ɗan goro, na zauna a inuwar rumfar wani mai sayar da tabarmi har rana ta yi sanyi. Washegari na kama hanyar gida. Na ƙara zuwa Bakori sau da yawa bayan nan, har gwiwoyina suka gaza, babban ɗana ya karɓi jakin.