Kawu Sannu, Mai Tambaya Kafin Ya Taɓa Rauta

Ƙarfe bakwai da rabi Kawu Sannu yake buɗe ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene. Ya share gaban ƙofa, ya zazzage jakarsa a kan tebur ya duba filaya, sukudireba biyu, na'urar gwada waya, da tsohuwar kwamfutar da salatif ne kawai ke riƙe da murfinta. Shekara ashirin da uku ke nan yana gyaran intanet a gidajen mutane. Sannu ba sunansa na yanka ba ne, 'yan unguwa ne suka laƙaba masa, domin ko tsalle kake kana cewa sauri kake yi, sai ya ja kujera ya zauna ya yi maka tambayoyi kafin ya taɓa komai. Ƙarshen watan nan zai ajiye jakar, gwiwa ta daina yarda da tsani.

Masu ba da labarinsa suna da yawa, amma ba wanda ya kai ma'aikaciyar jinyar da ke hawa na biyu cika baki da shi, kuma tana da hujja.

Ranar tana da jarrabawar ƙarin girma ta intanet da ƙarfe sha ɗaya, wadda duk wanda ya makara sai baɗi. Wata takwas ta yi tana karatu tsakanin aiki da raino. Ta tashi ta tarar da rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet a gida, fitilunta na ci, wayoyi sun kama ta, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Maigidanta mutumin kirki ne, sai dai hannunsa ba ya zama wuri guda. Jiya da yamma ya gaji da yadda firinta ke ɓacewa daga kwamfuta, ya ji an ce maganin abin a ba ta adireshin IP na dindindin, wato lambar da ba ta canzawa, ya shiga saitin rauta ya yi aikinsa. Da gari ya waye ya ga ɓarna, sai ya ɓoye abin da ya yi, yana taya ta zagin kamfanin intanet.

Goma saura Kawu ya iso, ya sami maigidan da tsinke a hannu zai caka a ɗan ramin da ke bayan rauta.

"Ajiye tsinken nan, ɗana," in ji Kawu. "In ka danna, duk saitin da kamfani ya zuba zai goge, kuma ba za ka ga ƙeyarsu ba sai jibi."

Ya zauna. Matar na tsaye idonta ya ciko, tana kallon agogon bango, shi kuwa sai ya roƙe ta ruwan sha. Haushi kamar ya kashe ta, ta faɗa daga baya. Tana fita ya matso da kujerarsa, ya sassauta murya.

"Tsakanina da kai, me ka taɓa jiya?"

Nan mutumin ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Kawu bai yi dariya ba, bai ɗaga gira ba. Ya jona kwamfutarsa da rautar ya nuna masa cewa rauta ƙofa biyu gare ta, ɗaya tana kallon kamfani, ɗaya tana kallon cikin gida. Lambar da ya kamata a liƙa wa firinta ta ƙofar ciki, shi ya je ya kafa ta a ƙofar waje, inda kamfani ne ke raba lamba da kansa, shi ya sa suka daina gane gidan. Kawu ya mayar da saitin yadda yake, ya kashe rauta, ya ƙirga talatin a hankali ya kunna. Ya sa maigidan ya ɗaure wa firinta lambarta da hannunsa, don kada ya sake kuskurewa.

Sha ɗaya saura kwata shafin jarrabawa ya buɗe. Da ta tambayi Kawu me ya lalace, cewa kawai ya yi wata lamba ce ta zauna inda ba wurinta ba. Ta ci jarrabawar. Sai ranar da sakamako ya fito mijin ya tona kansa da bakinsa.

Abin da ke ba mu mamaki ke nan, Kawu. Kai ne ka gane cewa wanda ya yi ɓarna shi ya fi kowa sanin inda take, kuma ba zai faɗa ba muddin ana jiran a ci masa fuska. Kai ne mai gyara ba gori. Gidaje nawa ka shiga ka fito da sirrinsu a cikinka, ba mu sani ba, domin ba ka taɓa faɗa ba.

Mun gode, Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma da za ku gaji aikin, ku koyi zama ku yi tambaya, ku koyi rufa wa mai kuskure asiri. Yau wata baiwar Allah tana shugabantar masu jinya a sashenta, mijinta yana iya kallon idonta, duk saboda wani dattijo ya nemi ruwan da ba ƙishirwarsa yake ji ba.