Bahago Mai Sassaƙa, da Pampon da Bai Taɓa Zuba Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, ramin zinariya ya rufta da Yaya Bahago mai sassaƙar dutse a dajin Djado. Ina bakin ramin, ni ke jan igiya. Can muka yi maka sutura, Yaya, nesa da Agadez da 'ya'yanka.

Ban yi karatun lakkol mai nisa ba, amma tun muna maƙwabta na san hannunka. Dutsen Abzin mai laushi kake ɗauka ka fitar da raƙumi ko akwatin kwalli, ka sayar wa baƙi. Yaron da ya tsaya kallo ba ya tafiya hannu wofi. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, kai ka goya ta a moto mai ƙafa biyu zuwa likita, ka bar rumfarka a buɗe.

Sai ga Lao Tan, wani tsoho mutumin ƙasar Sin mai gyaran injin haƙar rijiya, ya saba shan shayi a wurinka. A ƙasarsu ya taɓa yin sassaƙa. Ya nuna mana hotunan aikinsa a talhon hannunsa: manyan mutane na tagulla a jere suna tafi, hannuwa kamar faifai, kunne ko ɗaya babu. Cikin gurguwar Hausarsa ya ce, "Can ba zagi babban mutum. Yaba shi, yaba shi, har mutane dariya." Ka daɗe kana kallon hotunan.

Shekarar ce Alhaji Issouf, konseye, wato kansilan unguwarmu, ya buɗe mana pampo da kiɗa da guɗa. Pampon bai taɓa ɗigo ba. Duk da haka Alhaji ya aiko ka sassaƙa siffarsa don tarihi. Ka yi shi da babbar riga, hannu bisa pampo, mata kewaye da shi suna murmushi, kowace ta kife bidon, jarkar ruwanta, tana kiɗa a gindinsa. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ajiye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Har ranar da tsohuwa Tabawa ta shiga roƙon kuɗin magani, ta duba, ta ce, "Alhaji, wannan yaro bai yi ƙarya ba. Ga mu nan da bidonmu, ko ɗigo babu." Falon ya ɗauki dariya.

Kafin sati ya zagayo an ƙwace rumfarka. Wai gumaka kake yi, kana ɓata tarbiyya. Wanda ya sa a yi masa gunkin shi ya fara faɗin haka a ƙofar masallaci. Mu da muka yi dariya har da riƙe ciki, babu wanda ya je ya tsaya maka. Ka nemi wata rumfar har garin Ingall, aka ce a'a. Da hatsi ya ƙare a gida ka hau kamiyo, babbar motar kaya, tare da mu zuwa haƙar zinariya a Djado. Hannun da ke fitar da gashin idon raƙumi a dutse ya koma riƙon diga. Ban taɓa jin ka zagi kowa ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan mun dawo Agadez, Alhaji Issouf ya zo da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto. Ya ce garin nan ya yi rashin gwani, shi ya fi kowa sanin darajarka. Na kalli matarka Souwaiba, na zaci za ta ce a mayar. Ta dubi yaran, ta ce, "A ɗora tukunya." Aka dafa, Yaya. Duka muka ci.

Allah Ya haskaka wannan kabari da ba mai ziyarta, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka ruwan Alkausara ka sha ba da layi ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Souwaiba, da 'ya'yanka Lukman da Naja'atu, da ƙanwarka Kadidia a Dabaga. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ciyar da su daga hannun da ba su jin kunyar karɓa. Amin.