Baba Tagulla da Wayar Gilashi

Tun yana saurayi yake jan waya, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Tagulla. Da wayar tarho ya fara, yana hawa turaku da igiya a ƙugu. Da tarhon gida ya mutu, ya koma haɗa kwamfutocin ofisoshi. Yatsunsa sun yi kanta, ko ido rufe zai fere waya, ya jera silayenta launi-launi, ya matse mata kai. Matarsa takan ce da za a tsaga shi, waya za a tarar maimakon jijiya.

Autarsa ce ta kawo masa aikin da ya tsaya masa a rai. Tana da wurin tace bidiyo a saman wani tsohon bene, ita da abokan aikinta. Sun sayi babbar na'urar ajiya wadda duk abin da suka ɗauka ke zaune a cikinta, amma ƙugin fankokinta ya hana su jin sautin da suke gyarawa. Sai suka mayar da ita wani ɗaki mai sanyi can ƙarshen harabar, bayan ɗakin janareta.

"Baba, so nake in buɗe bidiyo a teburina kamar a cikin kwamfutata yake," in ji Auta. "Na gaji da jiran da mutum zai sha shayi ya dawo bai buɗe ba."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Tagulla mai kauri zan ja miki."

Ya ɗauko tef ɗin awo ya bi hanyar da wayar za ta bi. Tun bai kai ƙarshe ba ya gane akwai matsala. Nisan ya zarce inda tagulla ke iya ɗaukar irin gudun da take so, ga janareta a hanya, ga mai walda a jikin katanga, duk wutarsu na iya dagula saƙon da ke bin tagulla. Kuma gini biyu ne daban, shi kuwa ya sha ganin tsawa ta bi tagulla daga wani gini ta ƙone na'urori a wani. Wayar gilashi, wadda ake kira faiba, haske take ɗauka ba wuta ba, duk waɗannan ba ruwanta da su. Ya san haka sarai. Sai dai bai taɓa jan ta da hannunsa ba, in aikinta ya zo wani yake turawa.

A gida ya zauna yana juya cokali a kwano.

"Malam, yau kuma wa ya taɓa ka?" matarsa ta tambaya.

"Gilashi."

"Au, kai da tabarau ma sai da aka kai ruwa rana kafin ka sa!"

Ya yi dariya, ya ci abincinsa. Washegari ya je wurin wani tsohon abokinsa mai shagon kayan sadarwa. Abokin ya ba shi wayar gilashi wadda aka riga aka ɗaura wa kawuna, ya ja masa kunne: kada ya lanƙwasa ta sosai, kada yatsa ya taɓa bakinta, kada kuma ya kuskura ya leƙa cikinta da ido.

Ta farko karya ta ya yi. Da ya zo kwanar bango, hannu ya yi abin da ya saba, ya naɗe ta kamar tagulla. Daga waje lafiya lau, amma da aka jona, fitilar na'ura ta ƙi kamawa. Ya zauna a kan bokiti yana girgiza kai.

"Baba, ko mu kira wani?"

"A'a, 'yar nan. Ni na karya, ni zan sake."

Ta biyu a cikin bututu ya zura ta, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, kowace kwana ya ba ta fili ta zagaya. Da ta iso ɗakin aikin kuwa, daga akwatin da ke rarraba wayoyi zuwa tebura, sai ya koma wa tagullarsa. Tazarar gajera ce, kuma ita ko kujera ta taka ta ba ta fushi.

Auta ta danna wani dogon bidiyo, ta miƙa hannu za ta ɗauki kofinta, sai ga hoto yana tafiya.

"Lah, Baba! Har ya buɗe?"

Murmushi kawai yake yana tsince guntayen waya daga ƙasa. Yana saukowa daga benen, likitan haƙorin da ke hawan ƙasa ya tare shi, wai shi ma na'urorinsa suna masa nawa, wace waya ya kamata ya sa?

"Bari in ajiye jakar nan tukuna, likita," in ji shi. "Sai na auna."