Dashen da Na Kai Damagaram

Ana idar da sallar asuba muka bar Jos, sanyi na ratsa ƙashi. Mu 'yan sa-kai ne, za mu Nijar mu taya wani ƙauye kusa da Damagaram farfaɗo da dajinsa. Daga yankin nan Baba ya zo Bukuru haƙar kuza, kuma har ya rasu yana ba mu labarin inuwar gawon garinsu da kukan zabin daji. Shi ya sa na ɗauko dashen itacen turare a bokiti, in shuka masa a ƙasarsa.

Bokitin nan bai bar cinyata ba. Na hana direba ya ɗaure shi a saman mota. Kafin Kano na juye masa rabin ruwan shana. A kan iyaka wani jami'i ya leƙa ya ce, "Malam, shi ma yana da fasfo?" Kowa ya yi dariya, ni kuwa na ɗauka da gaske yake.

Daga nan sai yashi da zafi. Furar mutanen Nijar akwai kauri, ga arha, amma ban ji daɗinta ba, don ganyen dashena ya fara langaɓewa. Muna isa ya bushe. Na zauna kamar an yi mini rasuwa.

Wata tsohuwa mai haɗa wa garin maganin gargajiya ta dubi bokitin ta ce, "Ɗan nan, ɗan sanyi ka kawo wa rana. Taso."

Ta kai ni gona, ta nuna mini wani tsohon kututturen gawo da ya yi tofo. Ashe aikinmu ke nan: a zaɓi reshe mai ƙarfi, a sare sauran, saiwar da ke ƙasa ta raine shi. Na daɗe riƙe da wuƙa, ina tsoron kada in yanke wanda ya kamata a bari.

"Yanke dai," in ji ta. "Saiwar nan ta girmi ubanka."

Na yanke. Wa ya sani, ko Baba ya taɓa zama a inuwar itacen nan. Da yamma har kukan zabi na ji daga nesa.

Na dawo gida Anguwan Rogo a Jos da bokiti wayam, amma na koyi cewa ba duk abin da aka sare ne ya mutu ba. A bayan gidanmu akwai kututturen darbejiyar da Baba ya shuka, iska ta karya ta bara, har na yi magana da mai tuge ta. Na je na duba, ta yi tofo. Na aika masa kada ya zo. Yanzu kullum da safe sai na leƙa reshen da na bari, in kore awakin maƙwabta.