Manhajar da Auta Ya Bayar Kyauta

Ni na koya wa ƙanena Auta kunna kwamfuta, a kan teburin ɗinkin Mama. Da ya girma ya rubuta manhajar adana bayanai, sai ya sake ta kyauta a intanet, kowa ya ɗauka ya gyara. Na ce masa ba shi da wayo. Ni ma na rubuta tawa, amma na kulle ta, sai wanda ya saya.

Yanzu mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna gyara masa kurakurai, har da godiya. Tawa ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Abin yana cin raina.

Jiya shugaban ofishinmu ya ce mu koma amfani da ta Auta. Ta ƙi tashi, dole na kira shi.

Cikin ladabi ya ce, "Yaya, ka kunna kwamfutar kuwa?"